DARASIN WANNAN WATA: YADDA AKE AJIYE BABUR KAFIN TAFIYA CI-RANI

An yanke gero, an ɗaure dawa, wake da gyaɗa sun shiga buhu. Sanyi ya fara buga ƙofa. Yanzu ne samari da magidanta da yawa na ƙasar Daura suke shirin tafiya ci-rani. Daga Zango, da Ɓaure, da Sandamu, da Mai'aduwa, da Daura kanta, wasu za su nufi Kano, wasu Kaduna ko Abuja, wasu har Legas da Fatakwal. Da yawa ba za su dawo ba sai gab da faɗuwar damina.

Mai tafiya yakan bar wa iyali hatsi. Yakan bar wa dabbobi harawa. Amma sau da yawa yakan manta da abu ɗaya mai tsada, wato babur. Sai ya jingine shi a zaure, ya zare makulli, ya kama hanya. Darasinmu na wannan wata a kan haka yake. Ka karanta a hankali. In kana da maƙwabcin da bai iya karatu ba tukuna, ka karanta masa.

MISALIN MAƘWABTA BIYU

Mu ɗauki misali da maƙwabta biyu. Kowannensu ya sayar da amfanin gona ya sayi babur. Dukansu sun tafi ci-rani a watan Nuwamba. Sun dawo a watan Mayu.

Na farko ya bar nasa a tsakar gida, ƙarƙashin bishiya, da ragowar fetur a tanki. Da ya dawo ya yi ta buga kik har gumi ya karyo masa, babur ya ƙi tashi. Batir ya mutu. Kafireta ta toshe. Tayar baya ta sace, ta tsattsage. Ɓera ya cinye wayoyi. Kuɗin da ya tara don sayen taki, rabinsu suka tafi wurin bakanike.

Na biyu ya ɓata wuni ɗaya kafin ya tafi. Ya wanke babur, ya juye mai, ya cire batir, ya shigar da shi ɗaki ya rufe. Da ya dawo ya zuba sabon fetur, ya buga kik kaɗan, babur ya tashi. Ran Lahadi ya hau abinsa ya tafi kasuwar Mai'aduwa ya sayo iri.

Bambancinsu wuni ɗaya ne kawai. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

ME YA SA BABUR KE LALACEWA A AJIYE?

Wani zai ce, "Ai ba hawansa ake yi ba, me zai same shi?" To, inji kamar jikin mutum yake. Zama wuri ɗaya yana taɓa shi.

A ƙasashen sanyi kamar Kanada da Jamus, ƙanƙara takan rufe hanyoyi a lokacin hunturu. Masu babura sukan ajiye su wata uku ko huɗu, kuma suna da tsarin da suke bi. Mu a nan ba mu da ƙanƙara. Abokan gābar babur a wurinmu biyar ne.

1. Ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara. Yawancin ƙurar da take ɗaukowa tana tasowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Ƙurar tana da laushi kamar gari. Tana shiga kowace kafa. In ta haɗu da mai sai ta riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa.

2. Rana. Bayan hunturu sai bazara. Zafin Maris da Afrilu yakan kai awo 40 a ƙasarmu. Rana tana busar da roba. Taya da kujera da bututun mai duk sai su tsage.

3. Tsohon fetur. Fetur ba ya son zama. In ya daɗe, ɓangarensa mai sauƙi yakan tashi ya bi iska. Abin da ya rage sai ya yi kauri kamar ƙaro. Ƙofofin da ke cikin kafireta ƙanana ne, wasu kamar kafar allura. Wannan ƙaron shi ke toshe su.

4. Mutuwar batir. Batir yana rage wuta da kansa ko ba a taɓa shi ba. Zafi yana ƙara masa saurin haka. In ya daɗe babu wuta a cikinsa, wani farin abu yakan kama farantan dalma da ke ciki. Daga nan ba zai sake riƙe caji da kyau ba.

5. Ɓera da zanzaro da gara. Ɓera yana cin waya da soson kujera. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a bakin salansa. Gara tana cin katako da tsumman da aka bari a ƙasa.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Ba su da yawa. Ka nemi bokitin ruwa, da sabulu, da tsumma mai tsabta. Ka nemi baƙin mai sabo, lita ɗaya. Ka nemi kananzir kaɗan, da tsohon buroshi, da sifana, da sukundireba, da abin kwance fulogi. Ka nemi tsohon zane ko bargo, da guntun katako. Kada ka manta da littafinka da fensir. In ba ka saba da kwance-kwance ba, ka je wurin bakaniken da ka yarda da shi, ku yi tare. Ka tsaya ka ga yadda yake yi.

Shirin iri ɗaya ne, ko Boxer ne na kamfanin Bajaj na Indiya, ko Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, ko roba-roba.

MATAKI NA 1: WANKA

Ka wanke babur sarai, musamman ƙarƙashin inji da cikin madigadi. Laka da kashin shanu suna riƙe danshi, su jawo tsatsa. Kada ka watsa ruwa cikin salansa ko cikin gidan iyakilina. Ka goge da tsumma. Sannan ka hau ka ɗan zaga na minti 10, don sauran ruwa ya bushe, inji kuma ya yi ɗumi.

MATAKI NA 2: JUYEN BAƘIN MAI

Mutane da yawa sukan ce, "Bari in dawo sannan in yi juye." Wannan kuskure ne. Tsohon mai yana ɗauke da datti da wani tsami da ke fitowa daga ƙonewar fetur. In ya kwana wata shida a cikin inji, yana cin ƙarfe a hankali.

Ka juye mai tun inji yana da ɗumi, don ya fi zubowa. Ka tara shi a kwano. Ka mayar da noti ka ɗaure, amma ba da ƙarfin tsiya ba. Ka zuba sabo. Yawancin baburan da muke hawa suna shan kusan lita ɗaya. Ka duba da ma'aunin da ke jikin murfin. Ka sayi mai a rufe cikin robarsa. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Araha ba ta ado.

Kada ka zubar da tsohon mai kusa da rijiya, ko a gona, ko inda dabbobi ke sha.

MATAKI NA 3: FETUR

Wannan aikin a waje ake yinsa, a fili, nesa da murhu da mai shan taba.

A ƙarƙashin tanki akwai ɗan famfon da ke buɗe mai da rufe shi. Ka ta da inji. Ka rufe famfon. Ka bar inji yana aiki har ya mutu da kansa. Da haka ka yi abu biyu: sabon baƙin mai ya zaga ko'ina, fetur ɗin cikin kafireta kuma ya ƙone. A gindin kafireta akwai ɗan sukuru. Ka jira inji ya huce, ka sassauta shi, sauran ɗigon ya zubo a gwangwani, sannan ka ɗaure.

To, na cikin tanki fa? Ya danganta da daɗewarka.

In tafiyarka ba za ta wuce wata biyu ba, ka cika tanki, ka rufe da kyau, ka bar famfo a rufe. Cikakken tanki ba ya yin tsatsa daga ciki.

In za ka wuce wata biyu, ka zuƙe fetur ɗin duka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya san lita ɗaya ba abin wasa ba ce. Kada ka bar shi ya lalace a banza. Ka ba ɗan'uwanka mai injin ban-ruwa, irin masu noman rani a Sabke da Daberam, ko ka sayar wa mai janareto. Bayan ka zuƙe, ka zuba cokali biyu na baƙin mai a tanki, ka girgiza babur don ya shafi bangon ciki. Wannan yana rage tsatsa.

Kada ka yi zuƙon da baki. Kada kuma ka ajiye fetur cikin jarka a ɗakin kwana. Lokacin hunturu lokacin gobara ne. Komai a bushe yake, ga iska, ga kaskon wuta a ɗaka.

MATAKI NA 4: FULOGI

Ka kashe makulli. Ka sa babur a firi. Ka goge ƙurar da ke kewaye da fulogi, sannan ka kwance shi. Ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabon baƙin mai ta ramin. Ka ɗora tsumma a bakin ramin. Ka taka kik a hankali sau 4 ko 5. Man zai shafi cikin inji inda fistin ke hawa da sauka, ya hana tsatsa. Ka goge fulogi ka mayar. Ka fara ɗaura shi da hannu kafin ka sa ƙarfe, don kada zaren ya ɓaci.

MATAKI NA 5: BATIR

Batirin babur yana da kai biyu. Ɗaya yana da alamar ragi, wato −. Ɗaya yana da alamar ƙari, wato +, kuma yawanci jar waya ce a kansa. Ga inda karatunka na lissafi zai yi maka amfani.

Wajen cirewa: ka fara da −, sannan +.
Wajen mayarwa: ka fara da +, sannan −.

Dalili shi ne, wayar − a haɗe take da ƙarfen babur. In ka fara da +, sifana ta taɓa ƙarfe, wuta za ta yi tartsatsi.

Ka kai batir a yi masa caji ya cika kafin ka ajiye. Batir mai bolt 12, in ya cika, na'urar awo takan nuna kusan 12.6. In mai ruwa ne, ka duba ruwan ya kai layin sama. In ya ragu, ka ƙara ruwan batir da ake sayarwa. Ban da ruwan rijiya, ban da na rafi. In rufaffe ne, kada ka fasa shi.

Ka ajiye shi a inuwa, wuri busasshe, can sama inda yara ba za su kai ba. Ruwan cikinsa yana ƙona fata da tufafi, yana makantar da ido. In ya taɓa jiki, a wanke nan da nan da ruwa mai yawa. In ido ne, a wanke, a garzaya asibiti.

Ka bar wa wani amintacce saƙo ya kai shi caji sau ɗaya kowane wata.

MATAKI NA 6: CEN DA WAYOYI

Ka wanke cen da kananzir da buroshi. Ka bari ya bushe. Ka ɗiga masa baƙin mai kana juya taya. Ka mayar da murfin cen in akwai. Ka ɗiga mai kaɗan a wayar kuloci da ta birki da ta totur. Ka shafa tsumma mai ɗan maiƙo a kan salansa da rim da notuna. Amma ka kiyaye: kada mai ya taɓa cikin birki, kada ya taɓa taya.

MATAKI NA 7: TAYOYI

Ka je wurin mai faci ya auna iska, ya cika daidai. Ka ɗora babur a kan jak na tsakiya mai ƙafa biyu, ba na gefe ba. In ƙasan ɗakin rairayi ne, ka sa faffaɗan dutse ko bulo a ƙarƙashin jak don kada ya nitse. Tayar da ta taɓa ƙasa, ka sa mata katako. Taya in ta daɗe babu iska, da nauyi a kanta, gefenta yakan karye. Tif ɗin ciki ma yakan lalace.

MATAKI NA 8: TOSHE KAFOFI

Ka cusa tsumma mai ɗan maiƙo a bakin salansa. Ka toshe inda iska ke shiga iyakilina. Sannan ka ɗaura jan ƙyalle a hannun babur. Wannan ƙyallen shi zai tuna maka cewa akwai abin da za a cire kafin a ta da inji.

MATAKI NA 9: WURIN AJIYA

Ka zaɓi ɗaki mai ƙofa da kwaɗo, wanda ba ya yoyo, kuma ba a hura wuta a cikinsa. Kada ka haɗa babur da buhunan taki, ko gishiri, ko kanwa. Waɗannan suna jawo danshi, suna cin ƙarfe. Kada ka haɗa shi da hatsi, domin inda hatsi yake nan ɓera yake.

Ka rufe shi da zane ko bargo. Leda ba ta da kyau a cikin ɗaki, domin tana tara gumi a ƙarƙashinta, musamman in damina ta riske ka ba ka dawo ba. Kada zanen ya ja ƙasa, saboda gara. Ka kulle kan babur. In da hali ka ƙara sarƙa da kwaɗo.

MATAKI NA 10: TAKARDU DA MAKULLI

Ka buɗe littafinka ka rubuta abu huɗu: lambar babur, da lambar inji, da lambar da aka buga a jikin ƙarfen wuyansa, da ranar da ka ajiye shi. Ka yi kwafi biyu. Ka tafi da ɗaya, ka bar ɗaya a gida. In Allah ya kiyaye aka sace, waɗannan lambobi su ne za ka kai wa 'yan sanda da mai gari. Rasit da sauran takardu ka sa su cikin leda, ka kulle a akwati. Kada ka bar su a ƙarƙashin kujerar babur.

Sai maganar makulli. Nan ne zumunci yakan ɓaci. Ka faɗi magana a fili tun kafin ka tafi, a gaban shaida. Ga misali:

"Yaya, ga makulli. In ta kama ni in hau?"

"A'a, ƙanena. Ajiya na ba ka, ba aro ba. Babu mai a ciki, na cire batir. Aikinka ɗaya ne: duk farkon wata ka kai batir caji. Ga kuɗin."

"To, Yaya. In rashin lafiya ta taso da dare fa?"

"Na yi magana da Baba. Akwai babur ɗin maƙwabci, na bar kuɗin mai a hannun Inna."

Ka ga an rabu lafiya, kowa ya san matsayinsa.

In kuwa ka ga ya fi maka a riƙa hawansa, to, ka ba mutum ɗaya mai hankali. Ku rubuta sharaɗi: wa zai yi juye, wa zai biya gyara. Abin da ba shi da amfani shi ne a riƙa ta da inji minti biyu a kashe. Wannan ba ya cika batir, kuma yana tara danshi a salansa. Ko dai a hau shi tafiya ta sosai, ko a bar shi ya huta. Haka kuma kada a taɓa ta da inji a rufaffen ɗaki. A cikin hayaƙinsa akwai wata iska mai guba da ba a gani, ba a jin warinta, tana kisa.

RANAR DA KA DAWO

In Allah ya dawo da kai lafiya, kada ka yi gaggawa. Ka bi wannan tsari:

1. Ka fito da babur waje, ka kakkaɓe ƙura. Ka duba ko kunama ko maciji sun ɓuya.
2. Ka cire tsumman salansa da na iyakilina.
3. Ka duba wayoyi da bututun mai, ko ɓera ya taɓa, ko sun tsage.
4. Ka duba baƙin mai da iskar taya.
5. Ka mayar da batir bayan an yi masa caji. Ka tuna: + sannan −.
6. Ka zuba sabon fetur, ka buɗe famfo, ka duba ko yana yoyo.
7. Ka taka kik sau kaɗan da makulli a kashe. Sannan ka kunna, ka ja cok, ka buga.
8. In ka ga hayaƙi da farko, kada ka damu. Man nan ne da ka zuba yake ƙonewa. Zai daina.
9. Ka bar inji ya yi ɗumi. Ka gwada birkin gaba da na baya, da fitila, da oda.
10. Ka sa hular kwano, ka fara tafiya a hankali.

In ya ƙi tashi bayan haka, kada ka yi ta kwance-kwance. Ka tura shi wurin bakanike.

AIKIN AJI

Malamai su karanta wannan darasi tare da ɗalibai, sannan a amsa waɗannan tambayoyi a littafi:

1. Rubuta abokan gābar babur guda biyar.
2. Me ya sa ake juye baƙin mai kafin ajiya?
3. Wace waya ake fara cirewa a jikin batir?
4. Mutum ya tafi ci-rani ran 1 ga Nuwamba, ya dawo ran 1 ga Mayu. Wata nawa ya yi?
5. Ka tambayi kuɗin baƙin mai lita ɗaya a kasuwarku. Ka tambayi kuɗin sabon batir, da sabuwar taya, da kafireta. Ka tara na ukun nan. Wanne ya fi sauƙi, shiri ko gyara?
6. Ka je ka duba lambar injin babur ɗinku, ka rubuto ta daidai.

Jama'a, babur ba kayan ado ba ne a karkara. Shi ke kai mai naƙuda asibiti. Shi ke kai buhu kasuwa. Shi ke kai yaro makaranta. Guminka ne na damina guda ko biyu. Ka ba shi wuni ɗaya kafin ka tafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.